Jatau da Uwar Ayarin Agwagi

Dalilin da ya sa maharbi zai tsufa a bakin tafki, gemunsa ya yi fari fat, bai taɓa kama agwagwar ruwa mai zobe a ƙafa ba, shi zan gaya muku yanzu, in dai za ku bar mintsinin juna ku zauna. Duk kun ji labarin zoben nan, ɗan ƙarfe siriri da ake gani a ƙafar agwagwar daji, amma na san ba wanda ya taɓa riƙe shi a cikinku. To, a da ba haka abin yake ba.

A zamanin da tsuntsaye ke magana da mutane, akwai wani gari a bakin tafki da ake kira Marken Ruwa. Duk shekara da shigowar sanyi agwagi sukan zo daga wata ƙasa mai nisa can arewa, ayari bayan ayari, su rufe tafkin har ruwa ya daina ganuwa. In zafi ya tunkaro su koma. Kowane ayari yana da tsohuwa guda wadda ta san hanya, ita ake kira uwar ayari. In ta mutu ba ta koya wa wata ba, hanyar ta mutu ke nan.

Mutanen garin kuwa ba kibiya suke farauta da ita ba. Ƙwarya suke zubawa a kan ruwa ta yi ta yawo har agwagi su saba da ita. Daga nan mutum ya huda wa tasa ido biyu, ya kifa a ka, ya shiga ruwa iya wuya, ya lallaɓa tsakiyarsu, ya kama ƙafa ta ƙasa ya ja. Da yake hannu ne ke aikin, ido ba ya ganin abin da aka kama, sai aka yi yarjejeniya da agwagin: maƙeri ya sa wa kowace uwar ayari zobe a ƙafa, wanda duk ya taɓa ƙarfe ya saki. Saboda haka masu zobe ba sa tsoron kowa. Bakin ruwa suke kiwo, har kan ƙwaryar mutum sukan hau su gyara gashi, shi yana ƙasa yana haɗiye tari.

Akwai wata ƙa'ida kuma. Ruwan sanyi yana kashe yatsu har su kasa jin zobe, don haka kowane maharbi yakan ɗaura tsakuwa a ƙugu. Lokaci lokaci ya murza ta. In ya murza bai ji ta ba, ya fito, ko da bai kama komai ba.

Jatau gwani ne a wannan aiki, kuma ya san shi gwani ne, wanda shi ne farkon matsalar. Wata safiya ya shiga ruwa da niyyar kama bakwai, domin surukarsa za ta zo ganin gida, kuma mace ce da ke ƙirga tsokar da ke cikin miya da ido. Ya kama shida. Ya murza tsakuwa, ya ji kamar bai taɓa komai ba. Ya sake murzawa, shiru. Ga wata ƙatuwar agwagwa kuwa dab da hancinsa. Ya ce a ransa guda ɗaya dai ba za ta zama komai ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya kama ƙafarta ya fizga da ƙarfi, ya danne ta a ruwa, ya nufi gaɓa.

Sai da ya fito ya cire ƙwarya sannan ya ga zoben. Zobe ne da ya tsufa har ya yi baƙi, kuma duk garin an san mai shi. Ita ce babbar uwa, wadda sauran iyayen ayari ke bi. Ƙafar ta karye, wuyanta ya langaɓe, ido a rufe. Jatau ya duba gabas ya duba yamma, ya cusa ta cikin riga, ya bar shidan nan a ƙasa ya yi gida da sassarfa.

Matarsa Yalwa tana tankaɗe ya shigo. Ta dubi fuskarsa, ta dubi abin da ya zaro, ta ajiye rariya.

"Maigida, ba ka murza tsakuwar ba ne?"

"Na murza," in ji shi.

Ta kara kunne a ƙirjin agwagwar ta ce, "Da sauran numfashi. Hura wuta. In ka gama ka tafi wajen Sarkin Ruwa ka faɗa masa da bakinka."

"A bari mana mu ga ko za ta tashi," in ji Jatau.

"Saurari tafki," in ji Yalwa. "Sun riga sun san ba ta nan."

Gaskiya ne. Agwagi sun tashi sama gaba ɗaya suna kewayawa, suna kuka, ba mai sauka. Jatau ya tafi. Sarkin Ruwa, wani tsoho mai suna Arzika, ya saurare shi har ya gama, bai zage shi ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce kawai, "Ɗana, in ta mutu, bana za su watse a hanya, baɗi ba mai zuwa. Jikokinmu za su tambayi wanda ya yi, kuma za a gaya musu."

Yalwa ta yi wa ƙafar ɗori da sillen kara, ta riƙa gasa ta, tana ɗura mata kunu da tsinken cokali. Surukar da aka yi abin dominta ta zo ta ci miyar kuka ba nama, ta koma washegari ba wanda ya kula. Jatau ya daina cin abinci. Motsi kaɗan agwagwar za ta yi ya zabura, in kuma ta daɗe ba ta motsa ba ya ce wa Yalwa ta zo ta duba, shi ba zai iya ba. Ran kwana na huɗu agwagwar ta buɗe ido. Ta dube shi, ta juya kai wajen bango.

Sai da ta yi wata guda kafin ta iya tsayuwa. Lokacin zafi ya fara, tafki yana ja da baya, ayari sun ƙagu. Jatau ya ɗauke ta ya kai bakin ruwa, ya durƙusa ya ce, "Inna, na yi laifi. Za ku dawo?"

Ta ce, "Zan kai su gida, wannan wajibina ne. Dawowa kuwa sai na yi tunani." Ta tashi da ƙafa a karkace, sauran suka bi ta.

Ku da ba ku iya jiran tuwo ya huce, ku auna jiran wata takwas. Bazara ta wuce, damina ta wuce, aka yi girbi. Sanyi ya shiga, lokacin zuwansu ya yi, sama fayau. Kullum da safe Jatau yakan hau tudun bakin tafki ya zuba wa arewa ido. Kwana goma, kwana ashirin. Mutane suka fara amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ya rame har Yalwa ta rage masa igiyar wando, kuma tsoro ya hana shi ko ambaton agwagwa a gida.

Ran kwana na ashirin da bakwai ya hango wani baƙin zare a sama. Zaren ya yi kauri, kuka ya biyo baya. Suka kewaya tafkin sau uku kamar masu shawara, sannan suka sauka. Jatau ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba.

Babbar uwar ta sauka a gaɓa tana ɗingishi. Ya miƙe zai je wajenta, ta ce, "Tsaya nan inda kake." Ya tsaya.

Ta ce, "Na dawo da su don ƙanana suna buƙatar ruwan nan, kuma matarka ta yi mini alheri. Ku ci rabonku kamar da. Amma na gane zobe ba ya tsare kowa in hannun da zai ji shi ya zaɓi kada ya ji. Daga yau mu masu zobe za mu zauna can tsakiya, inda ƙafar mutum ba ta taɓa ƙasa. In ƙwarya ta motsa, mu ne farkon tashi."

"Ba ki yafe mini ba ke nan?"

"Na yafe tun ina ɗakinka. Yafiya daban, yarda daban."

Jatau ya ƙara shekara talatin yana shiga ruwa. Kowace ƙafa ya kama sai ya shafa ta sau biyu kafin ya ja, har da yawa suka riƙa kuɓuce masa, ana yi masa dariya. Har ya mutu yatsunsa ba su sake taɓa ƙarfe ba.

Shi ya sa har yau, ko da bindiga ta zo, ko da an ce yanzu mutanen wasu ƙasashe ne ke sa musu zoben har da rubutu a jiki, mai zobe ba ta yarda mutum ya matso. Maharbi sai ya kama dubu bai ga ɗaya ba. Ranar da wani ya dace kuwa, gari duka ya fito kallo, shi kuma ya tsaya da ita a hannu ya rasa murna zai yi ko neman gafara.