Ƙauyen da Rabonsa Bai Kai Kujera Ba

Masu riƙe da labaran mutanen farko sun ce an yi wani sarki a ƙasar Kanya, sunansa Jatau. Ba azzalumi ba ne, sai dai yana son a gama aiki da wuri a kawo masa labari. Wata shekara ya ƙudura kafa majalisa mai kujeru goma sha biyu, inda garuruwan ƙasarsa za su riƙa turo wakilai. Ya ɗora wa Waziri Barmo rabon kujerun. Waziri ya sa aka ƙidaya jama'a, ya raba bisa yawan kawuna. Manyan garuruwa suka kwashe. Tungar Maje, wani ƙauyen masunta a bakin kogi, rabonsu bai kai ko rabin kujera ba. Waziri ya ce ba a tsaga kujera, aka bar su haka.

A daminar shekarar ruwa ya zubar da ganuwar birni. Wannan karon Waziri bai duba kawuna ba, ya raba gyaran gari-gari, kowane gari da tsawon da zai gina daidai da na ɗan'uwansa. Masuntan Tunga suka ɗaure jiragensu, suka kwashe rani suna kwaɓa ƙasa, lokacin kamun kifi ya wuce su.

To, akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka kan tsamiyar fada duk ƙarshen bazara. Allah ya ba ta magana, sarki yakan zauna da hantsi ya tambaye ta abin da ta gano a ƙasashe. Da ta dawo, ya ce mata, "Shamuwa, ganuwata ta tashi, majalisata ta zauna. A yawonki kin taɓa ganin rabo mai tsari kamar nawa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa ganin irinsa a Kwarin Gawo, kuma ban ji daɗin ƙarshensa ba."

Sarki ya ce, "Yaya aka yi?"

Shamuwa ta ce, Allah ya ba ka nasara, Kwarin Gawo gari ne na masu sana'a: marina, majema, magina tukwane, da wasu 'yan gidaje na masu saƙar tabarma. Rijiya ɗaya gare su, mai zurfi, kowace shekara sai an yashe ta. Maigarinsu, Nomau, ya tsara cewa kowace sana'a za ta ba da mutane daidai wa daida a shiga rijiya. Amma zaman dattawa, inda ake yanke shawara, bisa yawan jama'a ya raba shi. Marina da majema suka cika zaure, magina suka sami mutum ɗaya, masu tabarma ba su da kowa. Alhali marina ke jan ruwa tun asuba, masu tabarma kuwa ɗan abin da za su jiƙa kaba ne kawai.

Marina suna da samari da yawa, sai mutum ya yi shekaru layi bai zo kansa ba. Masu tabarma kuwa mazansu kaɗan ne, mutanen da suka shiga bara su za su shiga bana. Cikinsu akwai Arzika, ɗan wata tsohuwa mai suna Tabawa, shi kaɗai ya rage mata. Wata shekara yana ƙasa yana cika guga, gefen rijiya ya rufto masa. Da aka fito da shi, rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki, Tabawa ta je zauren maigari. Dattawa suka ce mata sana'arta ba ta da mazauni a nan, ta nemi wanda zai yi magana a madadinta. Ta duba fuskokinsu, babu nata ko ɗaya. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Maigari, ba ƙara na kawo ba. Labarin Madugu Cindo zan ba ka."

Nomau ya ji nauyin korar ta, ya ce, "Faɗi, Iya."

Ta ce, Cindo madugu ne mai ɗauko kanwa daga arewa, yana da jakuna manya da ƙanana. In za a ɗaura kaya sai ya ce jaki jaki ne, ya ɗora wa kowanne mangala mai nauyi ɗaya. In an zo rabon dusa sai ya ce a duba girma, manya su ci su ƙoshi, ƙananan su lashi ƙasa. Suna tsakiyar yashi ƙaramin cikinsu ya durƙusa, bai sake tashi ba. Cindo ya raba kayansa ga sauran, aka ci gaba. Mai bi masa a ƙanƙanta ya faɗi, aka sake rabawa. Da nauyin ya iso kan manyan, su ma ba su jure ba. Wasu fatake suka tarar da Cindo zaune kan tarin kanwa a daji, yana roƙon su ruwa.

"Maigari," in ji Tabawa, "ba wanda zai dawo mini da Arzika. Na zo ne in gaya maka akwai mai bi masa."

Shamuwa ta ce, Nomau ya yi alkawarin kai maganar gaban dattawa. Ya kai, amma duk wanda ke zauren yana cin moriyar tsarin, aka ɗage ta zuwa baɗi. Masu tabarma suka naɗe kayansu suka bar garin. Yashe rijiya ya ƙaru a kan magina, su ma suka tashi. Marina da majema suka kama jayayya kan wanda zai shiga, rijiya ta cike suna kallo. Bana na bi ta kan garin, ramukan rini ne kawai a bushe. Ranka ya daɗe, duk inda aka auna kaya da mudu ɗaya, aka auna magana da wani mudun, ƙarshen ke nan.

Sarki ya ce, "Da Tungar Maje kike. To wane rabo ne daidai?"

Ta ce, "Ban ga ƙasar da rabo ya fita cif ba. Kullum sai an sami ragowa, sai wani ya yi kuka. Amma wanda ka ga ya isa ɗaukar ƙasa a ka, ya isa a ji bakinsa."

Sarki ya kira Waziri ya ce a ba Tunga kujera, aikin gayya kuma daga yau a raba shi bisa yawan mutane. Waziri ya ce, "Allah ya taimake ka, sai an cire daga hannun wani babban gari, kuma za su yi fushi."

"Su yi," in ji sarki.

Aka tura manzo ya taho da dattawan Tunga. Ya dawo da tsoho guda, sunansa Bagudu, yana dogara sanda. Sarki da kansa ya nuna masa kujerarsa a gaban majalisa. Bagudu ya durƙusa ya yi gaisuwa, bai zauna ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Da muka koma daga aikin ganuwa ba kifi, ba hatsi. Yara suka fara mutuwa. Masu ƙarfi suka kwance jirage suka haye kogi zuwa wata ƙasa. Ni da matata muka rage, ita ma ba ta gani. In na zauna nan, a madadin wa zan yi magana?"

Sarki ya sa aka ba shi hatsi, aka raka shi gida.

Da majalisa ta watse, Jatau ya tsaya ƙarƙashin tsamiya ya ce, "Shamuwa, na ji, na kuma yarda. Ba zan sake rabo da mudu biyu ba."

Ta ce, "Allah ya sa ya amfani waɗanda suka saura."

Sarki ya ce, "Amin. Su kuwa mutanen Tunga, in kin gan su a hanyarki, ki ce musu na sani."