Tafin Hannun Mama Hawainiya

Akwai wani makaɗi, jama'a, da ake ce wa Hannu Goma. Ba gangar da ba ya bugawa: ta Indiyawa, bandirin Larabawa, konga, duk wadda aka ajiye masa. Amma suna kawai ya tara. Yau wannan ƙungiya, gobe waccan, jibi zaman jiran waya. Furfura ta fito, har yanzu hannu baka hannu ƙwarya.

Abin da ke riƙe gidan shi ne darasin da yake bayarwa a wani ɗaki bayan shagon kafinta, mai tsohuwar darduma da fanka mai kuka.

Cikin ɗalibansa akwai wata dattijuwa, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Samarin ajin suka sa mata Mama Hawainiya. Su sun wuce zuwa salo iri-iri, ita tana nan a bugun farko: dum, tak, dum, tak.

"Baban yara, ka sallami matar nan mana," in ji matarsa. "Kullum kai ke dawowa da ciwon kai."

"Ina zan kai ta? Tana zuwa kan lokaci, ba ta taɓa fashi ba. Bar ta kawai."

Gaskiya ya gaji da ita, wallahi ya gaji. Amma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sai dai ya ce, "Mama, a sake. Kar ki yi gudu, kar ki tsaya."

Akwai abin da ya ɓoye wa kowa, har matarsa: kunnensa na hagu ya mutu. Shekarun zama kusa da lasifika sun cinye shi. Makaɗin da aka ji ba ya ji kuwa, wa zai ƙara kiransa?

Ana nan wata babbar ƙungiya ta nemi makaɗi na dindindin, da albashi duk wata. Shugabar ƙungiyar ta ce ya zo ya buga musu wasan la'asar a gaban jama'a, in ya yi, gurbin nasa ne. Ɗalibansa suka zo kallo.

Da ya hau dandamali sai ya ga matsala. An jera gangunansa a ƙarshen dama, duk mawaƙan suna hagunsa, kunnen mai lafiya yana kallon bango.

"Ɗan'uwa, ko za a matso da ni ɗaya gefen?"

"Haba Malam, an gama ɗaura wayoyi," in ji mai haɗa sauti. "Yanzu za a fara."

Aka fara. Abin da ke iso masa sai gunji kamar na injin niƙa. Ya ji hannunsa na shirin wuce waƙar. Shugabar ta waiwayo ta harare shi. Ya ce a ransa shi ke nan, an koma jiran waya.

Sai idonsa ya faɗa layin gaba. Ga Mama Hawainiya, jaka a ƙasa, ta kafe shi da ido, tana ɗaga tafin hannu sama sosai tana saukewa a gwiwa. Dum, tak, dum, tak. Ba gudu, ba tsayawa. Ita tana jin waƙar, shi yana ganin hannunta.

Ya bi hannun nan har ƙarshen wasa, ya ɗora duk salon da ya sani a kansa.

Da aka tashi shugabar ta ce, "Da farko ka ba ni tsoro. Ka zo atisaye ranar Litinin."

Yana cusa ganguna a buhu sai ga dattijuwar.

"Mama, yaya aka yi kika..."

"Malam, tun bara nake ganin kana juyo min kunnen dama. Aikina ne fa. Gobe ka shirya in kai ka wurin likitan kunne, kuma ka gaya wa matarka." Ta ɗauki jakarta. "Darasina kuma yana nan, kar ka ce ka zama babba."

Ya zauna a kan buhun, hawaye ya zubo masa.

Darasi: Kar ka gaji da mai tafiyar hawainiya. Haƙurin da ka yi da shi yau, wata rana shi zai riƙe ka inda gwanintarka ta kasa. Ku tura wa duk malamin da ke shirin sallamar ɗalibinsa.