Ranar da Wanzami Ya Ƙi Kafa Ƙaho

Akwai wani manomi a garinmu, tun zamanin da kowa ke zuwa sujada da kujerarsa a ka, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen mota ne rataye a bishiya. Har yau ina kewar kwanakin nan. Manomin ƙaƙƙarfa ne, ga taurin kai, maganinsa ɗaya ne a duniya: ƙaho. Ciwon baya ƙaho, ciwon kai ƙaho, da da hali ko yunwa ma ƙaho zai yi mata.

Wata safiya yana huɗa, sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Ciwon ya bi kafaɗar hagu, ya gangara hannu, ya hau muƙamuƙi. Ya zauna ya huta, ciwon bai sake shi ba. Sai ya lallaɓa wurin tsohon wanzamin garin, amininsa tun ƙuruciya.

Ya ce, "Wanzam, mataccen jini ne ya kwanta mini a kafaɗa. Zuƙe mini shi."

Wanzamin ya taɓa goshinsa, ya ji gumi mai sanyi. Ya ga numfashi na yi masa wuya, ga tashin zuciya. Sai ya mayar da ƙahoninsa cikin zabira.

Ya ce, "Baban Asabe, kafaɗarka lafiya lau take. Haka yayana ya zo mini, na kafa masa ƙaho, kafin azahar ya cika. Tashi mu tafi asibiti."

Manomin ya fusata. "Shekara talatin kana tsaga bayana, yau ka zama likita?"

Wanzamin ya fita ya tsayar da mota, ya lallashe shi ya shiga. A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a takarda, aka ɗebi jini. Likita ya ce jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, da an ƙara jinkiri da sai gawa. Manomin ya rayu har ya ga jikoki, ya kuwa nemi gafarar amininsa.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Idan jikinku ya nuna alamun nan, ku garzaya asibiti, kada ku jira. Haka kuma rai yake. Mukan ga fushi a baki, rowa a hannu, mu yi ta neman mai lallashin wurin, alhali zuciya ce ta toshe ga Ubangiji. Wanda ya dube ka ya ce, "Zuciyarka ce," kada ka riƙe shi da fushi. Tashi ka bi shi wurin Mai Warkarwa tun kana da sauran numfashi.