Tumaki Biyun da Likita Ta Ɓoye

An yi wata likitar tiyata da abokan aikinta ke kira Walƙiya saboda saurin hannunta. Gwana ce wajen dashen ƙoda, kuma da ta fito daga tiyata sai ɗakin bincike. Aibinta ɗaya ne: gaggawa. Ba ta ƙaunar a ce mata ta dakata.

Shekara huɗu ta yi tana haɗa wani ruwa da za a riƙa ajiye ƙodar da aka ciro a cikinsa, don kada ta lalace kafin a dasa wa mara lafiya. Ta gwada shi a kan tumaki ashirin. Sha takwas suka miƙe suna cin ciyawa, biyu suka mutu.

Da ta zo rubuta rahoton neman izinin gwadawa a kan mutane, sai ta cire biyun. Dattijon da ke kula da dabbobin, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ga takardar a kan tebur.

Ya ce, "Likita, ashirin na ciyar, ga shi sha takwas nake gani a nan."

"Baba, waɗancan tsofaffi ne, dama kwanansu ya ƙare."

"To, ki rubuta hakan mana. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ta yi dariya, ta aika da rahoton. Aka ba ta izini, har aka fara maganar ba ta shugabancin sashe.

Ana cikin haka sai ƙodojin ƙaninta, autansu, suka daina aiki. Direba ne mai 'ya'ya uku. Mahaifiyarsu ta ce a ciri tata, gwaji kuma ya nuna ta dace. Da yake likita ba ya yi wa jininsa tiyata, wani abokin aikinta aka ba aikin.

Ranar da ta je duba shi, Auta ya ce, "Yaya, na gaya musu da ruwan nan naki za a yi mini. Ai ba a yi wa ɗan gida rowa."

Ta dubi Inna, wadda ke gyara masa matashi. Ta ga furfurarta, ta tuna tsofaffin tumakin nan.

"Ba za a yi da shi ba," in ji ta.

Inna ta ɗago kai ta ce, "Abin da ba za ki ba ƙaninki ba, 'yar nan, ɗan wa za ki ba?"

Washegari ta je gaban kwamitin da ya ba ta izini, ta faɗi gaskiya. Aka janye izinin, aka ba wani shugabancin, ɗalibanta suka watse. Auta kuwa aka yi masa dashe da ruwan da aka saba amfani da shi, ya warke.

Ta koma wurin Baba ta ce, "Na kawo kaina. A sake daga farko."

Sai da suka yi shekara uku kafin ta gano cewa wani gishiri da ke cikin ruwan yana ɓata ƙananan jijiyoyin tsohuwar ƙoda. Ta rage shi, ta gwada a kan tumaki sittin, manya da ƙanana, ta rubuta sakamakon kowace.

Wata malamar makaranta aka fara yi wa dashe da sabon ruwan, da ƙodar da ta yini a hanya daga wani gari mai nisa. Bayan tiyata kowa ya zuba wa ledar da ke rataye a gefen gado ido. Can sai ɗigo ya sauko, wani ya biyo, alamar ƙodar ta fara aiki. Ma'aikatan jinya suka hau tafi.

Mijin malamar ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah! Yau ga manyan likitoci suna murna da fitsari!"

Kowa ya fashe da dariya. Likita ta nemi kujera ta zauna, hawaye na zubo mata.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa ba ta haihuwar ɗa mai ido, kuma ilimin da aka gina a kan ɓoye gaskiya rai yake ci. Kafin ka miƙa wa jama'a aikin hannunka, tambayi kanka ko za ka iya miƙa wa ɗan'uwanka. In ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun da sauran gyara.