Kafintan da Ya Koya wa Ɗansa Cewa "Ni Ne"

Ya 'yan'uwa, an yi wani mutum, kafinta, mai salla a sahun gaba. Ba ya sha, ba ya caca. Zunubinsa ɗaya ne, shi kuwa tarbiyya yake kiransa.

Yana da ɗa ɗan shekara goma sha uku. Yaron ya ɗauke wayar maƙwabci, aka kai shi gidan gyaran hali. Ya fito a rame, ya durƙusa ya ce, "Baba, na tuba."

Hukuma ta gama hukuncinta, uban sai a ranar ya fara nasa. Ya daina kiran yaron da sunansa, sai "ɗan gidan yari". Guduma ta ɓata, shi ne. Ƙusa ta ragu, shi ne. Ba dukansa yake yi ba, da duka ne ma da sauƙi. Zaunar da shi yake a kan benci gaban ma'aikata, yana nanata masa, "Ina ka kai? Faɗi gaskiya."

Uwar ta ce, "Malam, ka sassauta, yaron nan ya fara magana shi kaɗai." Ya ce, "Ke dai ki yi shiru, gyara shi nake yi."

Yaro ya lura, in ya musa sai a wuni ana abu ɗaya, in ya ce "ni ne" sai a ƙyale shi. Sai ya riƙe "ni ne". Har zarton da ya amsa ya sayar, aka tsinta a ƙarƙashin katako. Uban ya gani, girman kai ya hana shi cewa komai.

Rannan aka sace babur a layinsu da rana tsaka. 'Yan sanda suka zo, kowa ya nuna shagon kafinta. Yaron kuwa tun safe yana gaban ubansa yana fentin ƙofa. Ɗan sanda ya daka masa tsawa, "Kai ne?" Ya ce, "Ni ne."

A kotu uban ya rantse suna tare. Alƙali ya ce, "Maƙwabta sun shaida kai da bakinka kake kiransa ɓarawo kullum. Wace maganar taka zan ɗauka?" Ya juya ga yaron ya ce, "Kada ka ji tsoro. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

Yaron ya kalli ubansa ya ce, "Baba, na ɗauka? Wallahi ni ban sani ba."

Aka mayar da shi gidan gyaran hali, wannan karon da daɗewa. Uwar ta kwashe kayanta. Kafinta ya koma auna katako ya yanke ba daidai ba, masu kawo aiki suka watse, shago ya mutu. Yanzu duk wanda ya tsaya sauraronsa sai ya riƙe hannunsa ya ce, "To ni ina na kuskure?"

Ni kaina abin na ɗaure min kai. Yaron ya yi ƙarya, amma wa ya koya masa? Alƙali ya yi kuskure, amma da shaidar wa?

Abu ɗaya dai na sani. Allah yana karɓar tuba. Kai wane ne da ɗanka zai tuba ka ƙi karɓa? Yaron da ya faɗi sau ɗaya, in ka hana shi mantawa, kai ka ƙarasa shi.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar 'ya'yanmu muna zaton gyara muke yi.