Cinikin Ladan Barmo Mai Jan Alewa

An yi wani sarki a zamanin da, mai adalci da yawan fara'a, wanda ba a san shi da wani rauni ba sai son alewa, ita ma ta hannun Ladingo kaɗai, wata dattijuwa mai 'yar rumfa a bakin kasuwa. Da aka yi wa sarki jika, sai ya aika mata cewa ita za ta yi alewar suna. Ladingo ta yi godiya, ta koma ɗaki ta yi tagumi, domin mai ja mata alewa ya tsufa ya koma ƙauye, ita kuwa kafaɗunta sun daina ɗaukar wannan aiki.

Ana nan sai ga wani baƙo mai suna Barmo ya zo neman aiki. Ta gwada shi, ya ja alewa har ta yi fari fat. Saura maganar lada. Ta ce ya faɗi abin da yake so a wata, ya sunkuyar da kai ya ce ai duk abin da Inna ta ba shi daidai ne. Ta ce shi ya san wahalarsa, ya ce subhanallahi, yaushe zai yanka wa babba farashi. Ita tana tsoron ta faɗi kaɗan ya ga an raina shi, ko ta faɗi da yawa ta kasa cikawa. Shi kuwa kunya ta ɗaure masa harshe. Kullum sai su zauna su gaisa, su tambayi gajiya, su tashi ba a yanke komai ba, har ta ji labari ya fara ɗaure kaya zai bi ayarin fatake.

Ta tafi fada ta faɗi ta yi gaisuwa, ta bayyana halin da take ciki. Sarki ya ji alewar suna na neman kuɓuce masa, ya gyara zama ya dubi Waziri Mamuda ya ce, "Waziri, ga mas'ala. Mai biya tana so, mai aiki yana so, amma kunya ta shiga tsakani. Ka ƙulla cinikin nan ba tare da ka yanka musu ko wuri ba, domin ladan da aka tilasta ba ya albarka."

Waziri ya sa aka kira Barmo, sannan ya dubi sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, mutumin ƙasar nan ba ya iya roƙa wa kansa, amma in wakilci aka ba shi, zai yi ta roƙo har sai an riƙe shi. Ladingo ta zama wakiliyar Barmo, Barmo ya zama wakilin Ladingo, kowa ya yi magana da bakin ɗan'uwansa."

Ladingo, wadda tun tana budurwa ta shahara wajen kwaikwayo, ta tsuguna irin tsugunon Barmo, ta karya wuya, ta soma sosa ƙeya, ta kaurara murya ta ce, "Inna, ni dai ba na son magana, amma hannun nan ba a samun irinsa ko'ina. Ga tsohuwa a gida, ga 'yar gonata. Wuri dubu talatin a wata, da tuwon rana, da rigar Sallah, in damina ta faɗi kuma a sake ni in yi shuka."

Fadawa suka rufe baki da hannun riga. Barmo ya ji an kwaikwaye shi a gaban jama'a, shi ma ya kama ƙugu, ya taɓe baki yadda take yi wa masu kawo itace, ya sirirce murya ya ce, "Albarka, ɗan nan. Kai ka san nawa mazarƙwaila take bana? Ga rumfa na yoyo. Ashirin, tuwon ma ban da nama."

Ta ce wallahi ba za ta ƙona hannunta a kan ashirin ba, ya ce to ƙofa a buɗe take. Ta rage kaɗan, ya ƙara kaɗan da yatsina, har suka tsaya a ashirin da biyar, da tuwo da namansa, da riga, da hutun shuka, da ƙari duk lokacin da ciniki ya buɗe. Ladingo ta tafa hannu don murnar ta yi nasara, sannan ta tuna daga aljihun wa za a biya, ta ce a hankali, "Ashe ni na kayar da kaina." Barmo ya koma sunkuyar da kai ya ce shi dai duk abin da Inna ta gani.

Sarki ya yi dariya har ya share hawaye. Ya tambaye su ko kowa ya yarda, suka ce sun yarda, kuma ba wanda ya ji an cuce shi. Ya ba Waziri alkyabba, ya sa aka gyara wa Ladingo rumfa, ya ba Barmo rigar Sallah tun kafin Sallah, bisa sharaɗin kwanon farko na alewa ya zo fada.

Daga nan masana suka ce adalci a ciniki shi ne mutum ya zauna a mazaunin abokinsa, ya ji nauyin da ke kansa, kafin ya buɗe baki ya faɗi farashi.