Ɓarayin Rogon Ña Saturnina

Jama'ar wannan shafi, kun kwana biyu ba ku ji ni ba. Gida na je, bayan shekarun da na yi ina ɗaukar bulo a Buenos Aires, kuma saura kaɗan in ɓata a ƙauyen da aka haife ni.

Jar hanyar nan mai cinye takalmi in an yi ruwa, an shimfiɗa mata dutse. Dajin da muke harbin tsuntsaye ya zama gonar waken suya iyakar ganinka. Dawakai sun yi ƙaranci, kowa sai babur. Amma abin da ya tsayar da ni cak shi ne bayan makaranta, inda na bar juji. Yanzu lambun gari ne, kore shar, ga latas ga albasa ga karas, ga rijiya mai famfon hasken rana. Daga nan ake ciyar da 'yan makaranta. Labarin wannan lambun na zo muku da shi, da zafinsa.

Akwai wata dattijuwa a cikin waɗanda suka kafa shi, sunanta Ña Saturnina (Ña a wajenmu kamar a ce Inna ne). Ranar da aka fara aiki kowa ya kawo abin da yake da shi. Ita ta kawo karan wani rogo da ta gada wajen kakarta. Mai gwaiduwa ake ce masa, don cikinsa rawaya ne kamar na ƙwai, ga gari, ga saurin dahuwa. Duk yankinmu a wajenta kaɗai yake, sai ta ɗebe shi gaba ɗaya ta mayar lambun gari.

Tun shekarar farko aka fara satarsa.

Ba saiwar ake tonewa ba, kara ake yanka. Mutanenmu sun yarda cewa dashen da aka roƙa aka ba ka ba ya kamawa sosai, wanda ka ɗauka a ɓoye shi ne mai albarka. To kowa yana son mai gwaiduwa, kuma ba mai son ya roƙa.

Shugaban kwamitin lambun, Don Crispín, mutum ne mai gashin baki da son a ji muryarsa. Abin ya tsaya masa a rai. Wata rana ana zaune gindin mangwaro, ƙahon tereré, shayin ganyen da muke sha da sanyi, yana zagayawa kowa yana zuƙa, sai ya buga ƙafa.

"Ña Saturnina, yau ma an yanka. Ke kuma kina zaune kina dariya."

"To kuka zan yi, Don Crispín? Wanda ya yanki kara ai shukawa zai yi."

"Sata sunanta sata. Har adda aka ce kina bari a jikin shinge."

"Ina bari mana. In ba adda da hannu suke karyawa, su lalata mini gindin. Ni dai na yafe tun kafin su yanka."

"Ke kika yafe, kwamiti bai yafe ba."

Ranar ya kafa doka. Duk gidan da aka ga mai gwaiduwa, an kore su daga lambun, kuma za a karanta sunansu a rediyon gari. Daga nan mutane suka koma ɓoye nasu a tsakiyar masara. Mahaifiyata ta ce akwai gidajen da sai an rufe ƙofa ake sauke tukunya.

Bana da sanyi ya gabato aka yi yadda aka saba. Aka sare karan rogon lambun kaf, aka ɗaure dami-dami, aka jingine gindin mangwaro aka lulluɓe da ciyawa, yana jiran lokacin shuka. Saiwar kuwa aka tone, yara suka cinye.

Ina gida a watan Agusta, ƙarshen sanyi ke nan a wajenmu, shuka ta matso, wasu masu kiwo suka sa wa busasshiyar ciyawarsu wuta da tsakar rana. Iskar arewa ta ɗauko ta ta tsallake hanya. Muka fito da bokitai da ɗanyen ganye, muka ceci makaranta, muka ceci famfo. Damman rogon ne ba mu kai gare su ba.

Na ga Ña Saturnina tsugune cikin toka. Tana ɗaukar kara ɗaya bayan ɗaya, tana kankarewa da farce ko za ta ga ɗanye. Babu. Rogo kuwa ba masara ba ne da za ka ce akwai ƙwaya a kwalba. In kara ya ƙare, irin ya ƙare, kuma yaran makaranta za su shiga shekara ba rogo.

Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, ta tsaya a bakin ƙofa ta tafa hannu.

"Ɓarayina, ina gaishe ku."

Mutane suka shiga kallon juna.

"Na san kuna nan, kun sha kwalliya. Na san kowa ya sare nasa ya ɓoye yana jiran shuka. Ranar Asabar akwai gayya a lambu. Ku zo mini da abin da za ku iya, da rana tsaka, ta ƙofar gaba."

Wani daga baya ya ce, "Dokar Don Crispín fa, Ña?"

Kowa ya juya ya dube shi. Shi kuwa ya duƙufa yana kallon cikin malafarsa kamar yau ya fara ganinta. Sai ya wuce abinsa.

Asabar ta zo. Muka yi kunya layi-layi tun da safe, muka gama, muka tsaya riƙe da fartanya ba abin shukawa. Shugaba bai zo ba. Rana ta ɗaga. Ña Saturnina tana zaune kan kututture, idonta a hanya.

Can sai ga Hermelinda, mai sayar da gurasar rogo a tasha, da dami a ka. Ta dire shi gaban tsohuwar.

"Ga shi, Ña. A karanta sunana a rediyo, dama ban taɓa jin sa a ciki ba."

Dariya ta ɓarke, kuma kamar ita ake jira. Sai ga malamin makaranta da nasa ɗaure a bayan babur. Sai ga mai jan waƙa a coci, yana tafe yana kallon ƙasa. Na waiga in yi wa mahaifiyata magana, ba ta wurin. Jim kaɗan ta ɓullo ta bayan gidanmu da dami biyu.

Na ce, "Mama, har da ke?"

Ta ce, "Rufe mini baki. Me kake tsammani kake ci tun da ka dawo?"

Muna cikin sarar kara gunduwa-gunduwa muka ji kukan amalanken shanu. Ta shigo ta ƙofar gaba shaƙe da mai gwaiduwa, har yana zuba. A kanta Don Crispín ne zaune, ya ja malafa ya rufe rabin fuska.

Hermelinda ta riƙe ƙugu. "Shugaba, wannan a gidan wa ka kama?"

"Kara ɗaya ne na ɗauka," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Tun shekarar farko. Don in gwada wa kwamiti ingancinsa."

"Kara ɗaya ya haifi amalanke?"

"Ya kama sosai."

Ña Saturnina ta miƙe, ta zagaya amalanken tana shafa karan, hawaye na zuba tana dariya.

"Na san kai ne na farko, Crispín. Saboda kai na fara ajiye adda. Ba ka iya karya ba ko kaɗan."

Ya sauko, ya cire malafa a gaban kowa, ya ce doka ta faɗi. Kafin la'asar mun shuke lambun kaf, har kara ya yi saura aka rarraba.

Yanzu haka jakata tana ɗaure. Ƙafata ta fara ƙaiƙayi, gobe zan hau motar arewa, wani abokina ya samo mana aiki a Concepción. Ɗazu na je sallama, na ce wa Ña Saturnina ko za ta ba ni kara ɗaya in tafi da shi.

Ta ce, "Ba na bayarwa, ɗana." Ta jingina adda a shinge. "Amma zan shiga in duba tukunya, kuma nakan daɗe."

Darasi: Ba sata nake yabo ba, hannun da ya yafe nake yabo. Abin da ka ƙulle kai kaɗai, wuta ɗaya ta ishe shi. Abin da ka bari ya bazu a hannun mutane, su ne za su dawo maka da shi ranar da naka ya ƙone. Ka tura wa wani wannan labarin, kada ka ajiye shi kai kaɗai.